Wa Ke Cin Ribar Mai Ƙuli-ƙuli?

Jama'a, yau muna so mu yi magana a kan wata 'yar kasuwa wadda ba ta da rumfa, sarkin kasuwa bai san sunanta ba, ba ta kuma cikin littafin kowace hukuma, amma da wuya a sami wani a cikinmu da ya wuni bai ci daga hannunta ba. Kokon da ka sha da safe ita ta dama, ƙosan ita ta toya, daddawar da ke cikin miyarka ita ta kwana tana dafa kalwarta, man da aka zuba wa ɗanwakenka ita ta matse. Watau muna nufin macen ƙauye mai sana'a. Tambayarmu ɗaya ce. Mace ta tashi tun kafin assalatu, ba ta kwanta ba sai bayan lisha, ta yi shekara ashirin tana sana'a guda, amma jarinta na bana bai fi na shekarar da ta soma ba. Shin ina ribar take tafiya?

In ka tambayi manyanmu, amsarsu a shirye take. Sai su ce jahilci ne, matan ƙauye ba su iya sana'a ba, a koya musu. Saboda haka kowace shekara sai a tara mata a sakatariyar ƙaramar hukuma, a kwana uku ana nuna musu yadda ake haɗa sabulu da man shafawa, a ɗauki hoto, a ba su takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Mu dai ba mu yarda da wannan amsa ba. Tun a 1967 wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, tana duba yadda mutanen ƙauyen ke neman abinci, ta kuwa tarar cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, na hatsi da mai da dafaffen abinci, ta hannun yara, kasuwa ce sosai, sai dai ba a ganinta daga waje. Abin da Baturiya ta ƙetaro teku ta gano, kowane yaron ƙauye da aka taɓa aike ya san shi. Wadda ta iya fitar da mai da ƙuli daga tiya guda ta gyaɗa, ta kuma riƙe lissafin bashin gida goma a ka ba tare da alƙalami ba, ai ta wuce a koya mata sana'a cikin kwana uku. Abubuwan da suka tare mata hanya daban ne, su ne kuwa za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Daga mudu zuwa kwalba

Bari mu ɗauki mai ƙuli-ƙuli, gama ita ce kowa ya sani. Da kaka gyaɗa tana araha. Mai kuɗi ya zo daga birni da mota, ya saya buhu-buhu, ya zuba a sito, ya zauna yana jira. Ita kuwa jarinta bai wuce tiya biyar ko goma ba, sai ta sayar da na yau kana ta sayi na gobe. In bazara ta yi, gyaɗar da aka noma a bayan gidanta ita ce za ta komo mata daga birni da tsada. Ga kashi na fari na ribarta ya tafi tun ba ta hura wuta ba.

Sa'an nan ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta aika markaɗe. Injin markaɗe kuwa mai yake sha, domin ƙauyuka da yawa ko turken lantarki babu, inda akwai ma sau da yawa wayar ce kawai ke rataye. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin markaɗe ya tashi, kuɗin mota ya tashi, itace ya tashi, ɗan ga-ruwa ma ya ƙara. Ita kuwa in ta ƙara wa ƙuli kuɗi, yaron da ke saye ba shi da abin ƙarawa. Sai ta rage girman ƙulin, ta sake ragewa, har ya kai inda ba ya raguwa. Ga kashi na biyu.

Bayan ta zuba ruwan zafi ta murza, mai ya fito, ta mulmula tunkuza ta soya, saura sayarwa. Ƙuli yarinya za ta ɗauka ta zaga da shi. Mai kuwa, wanda shi ne kan ribar, kasuwarsa tana nesa, ita kuma ko tana cikin kulle, ko ba ta da wanda za ta bar wa yara, ko kuɗin motar zuwa da komowa ya fi ribar galan ɗaya. Sai mai saye ya zo ƙofar gida. Ya san ba ta ji farashin birni ba, ya kuma san kuɗin a yau take bukatarsu, domin da su za ta sayi gyaɗar gobe. Shi ke yanka kuɗi, wani lokaci ma ya ɗauka bashi sai kasuwa mai zuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kada dillalai su ce muna zaginsu. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda sana'arsu ke nan, dillali na gari kuwa la'adarsa halal ce. Abin da muke ƙi shi ne cinikin da ɗaya ke gani, ɗaya ke lalube.

Labarin ɗaya ne ga matan Kura masu turara shinkafa, da 'yar Fulani mai nono wadda kayanta ke tsami in rana ta yi, da mai daddawa, da mai awara, da mai tsintar kaɗe. Sunan kayan ne kawai ya bambanta.

Ƙofar banki

Wani zai ce, to, me ya hana ta cin bashi ta sayi buhu da kaka kamar yadda attajiri ke yi? Madalla da wannan tambaya. Ta tafi banki, in har akwai banki a ƙaramar hukumarta, domin akwai waɗanda ko reshe ɗaya ba su da shi. Abin da za a fara tambayarta shi ne jingina, jinginar da banki ya fi so kuwa ita ce takardar mallakar fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar zama a gonakin ƙauye. Manomi namiji ma da ya gaji gonarsa kaka da kakanni da wuya ka same shi da wannan takarda, balle mace.

Mu kuma faɗi gaskiya, gonar ma ba ta hannunta. Shari'ar Musulunci ta yanka wa 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, in babu ta ba ta rubu'i. Wannan ba abin jayayya ba ne, kowane malami ya sani. Amma nawa ne cikinmu muka ga an auna gona an ce ga iyakar rabon wance? Abin da aka saba shi ne a ce ai za ta yi aure ta kai wa wani, gara a bar gonar hannun yayyenta su riƙa noma mata. Shekara ta fari su aiko da dami biyu, ta biyu dami ɗaya, ta uku gaisuwa. In ta buɗe baki a ce ta raba zumunci. Ko a Kudu ma sai da ta kai ga Kotun Ƙoli a 2014 kafin aka rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta. Wadda ba ta da ƙasa ba ta da jingina, wadda ba ta da jingina ba ta da rance, wadda ba ta da rance kuwa za ta mutu tana saye mudu-mudu.

A 2017 an yi wata doka mai kyau, wadda ta yarda a jinginar da abin da ke motsi, kamar dabbobi da inji da hajar ciniki, aka kuma buɗe littafin rajistarsu a ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya. Awaki da tumaki su ne bankin macen ƙauye tun fil azal, saboda haka dokar kamar dominta aka yi. To, amma ku tambayi matan ƙauyenku, wace ce ta taɓa jin labarinta? Dokar da ba a kai ta ga mai ita ba, da ita da babu duk ɗaya.

Bayan jingina sai takardu. A 2014 aka fito da lambar BVN, daga baya aka ce masu asusu a banki sai sun yi ta, daga ƙarshen 2020 kuma aka ce layin waya ma sai an haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa. Ba mu ce yin haka laifi ne ba. Amma ofishin rajista yana hedkwata, ana kashe wuni biyu ko uku a layi, takardar cikewa da Turanci take, matar kuma ba ta fita sai da izini. Ƙarshenta sai ta yi amfani da wayar miji ko asusun ɗa, kuɗinta ya zama kowa ya san adadinsa kafin ita ta sani. Wata ƙungiya mai binciken harkar kuɗi da ake kira EFInA ta ƙididdige a 2023 cewa cikin kowane baligi 100 a Nijeriya, 26 ba su da asusu, ba su da wata hanyar ajiya ko rance ko kaɗan. A Arewa maso Yamma abin ya kusa rabi, mata sun fi maza, ƙauye ya fi birni.

Mun ga sakamakon wannan da idonmu sa'ad da aka sake takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. Daga Janairu zuwa Maris 2023 kuɗi ya ɓace a hannun jama'a. Mai kanti a birni ya ce a tura masa ta waya. Mai ƙosai fa, wadda duk cinikinta na Naira hamsin da ɗari ne, ta ina za a tura mata? Tsofaffin kuɗin da ta ƙulle a bakin zane aka ce sun kusa daina aiki, sababbi kuwa sai ta saya a wurin mai POS da ragi. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, tukwane da yawa sun riga sun kife, waɗansu ba su sake hawa murhu ba.

Hanya, tikiti da tsoro

Wadda ta samu ta fita da kayanta kuma, ga abin da ke jiranta. Hanyar ƙauye da damina sai babur, mai babur kuwa kuɗin mutum daban, na kaya daban. Ta iso kasuwa, tun ba ta sauke ƙwarya ba ga mai tikiti a kanta. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, suka ce an sauke musu kaya. Ashe harajin canza riga ya yi. Yau ana karɓar kuɗin shiga, da kuɗin shara, da kuɗin wurin zama a ƙasa cikin rana, a kan hanya kuma ga shinge bayan shinge. Attajiri mai tirela ya biya bai ji ba, gama a kan buhu ɗari zai raba. Mai ƙwarya ɗaya kuwa a kan ƙwaryar nan za ta ɗauke shi duka. Da a ce kuɗin yana komowa a ga rumfa, a ga rijiya, a ga makewayin mata a kasuwa, da da sauƙi. Ku da kuke zaune a kasuwa kun fi mu sanin ko ana gani.

Ga kuma babbar musiba, watau 'yan bindiga. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma yanke layukan waya a watan Satumba, Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi da irin nasu matakan a waɗansu ƙananan hukumomi. An ce domin a toshe wa ɓarayi hanyar abinci ne. Amma matar da kasuwar mako ita ce gonarta, ba wanda ya ce mata ga abin da za ki ci kafin a buɗe. Ta cinye jarin, awakin an riga an kore su, ta wayi gari tana gudun hijira a gefen birni.

Ko inda babu bindiga, umarni daga sama yakan faɗo mata kamar aradu. A Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen kaɗe waje na wata shida, wai domin a riƙa sarrafa shi a gida. Niyyar ba ta da laifi. Amma an yi sanarwar ana tsakiyar ciniki, farashi ya faɗi, matan Neja da Kwara da Kebbi da suka sha raɓa suna tsinta a daji suka ɗauki hasarar. Wa ya tambaye su kafin a sa hannu?

Maganin manya

Kada a ce gwamnatoci ba su taɓa tunawa da matan ƙauye ba. Sun tuna, har sun yawaita tunawa. A 1987 uwargidan shugaban ƙasa Maryam Babangida ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara. A 1989 aka buɗe Bankin Jama'a domin ba talaka rance ba jingina. A 1994 uwargida Maryam Abacha ta kawo shirin tallafa wa iyali, a 1997 aka ƙara da na bunƙasa arzikin iyali. A 2000 aka narkar da Bankin Jama'a da wannan shiri na ƙarshe cikin bankin manoma. A 2013 Babban Banki ya ware Naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. A 2018, ana saura 'yan watanni zaɓe, aka zaga kasuwanni ana ba da rancen Naira 10,000 da sunan TraderMoni.

Ku dubi jerin nan da kyau. Kowane shiri da mai shi yake zuwa, da mai shi yake tafiya. Kowanne a birni ake ƙaddamar da shi, sunayen masu amfana kuma ta hannun kansila da shugabar mata suke bi, sai ka ga keken ɗinki ya faɗa hannun wadda ba ta taɓa zura zare ba, washegari yana kasuwa. Ba mu ce ba wadda ta amfana ba, akwai. Amma babu shiri ɗaya a cikinsu da ya sa gona cikin sunan mace, ko ya gyara hanyar ƙauyenta, ko ya hana mai tikiti tsayawa a kanta. An mai da hakkinta kyauta, kyauta kuwa sai an yi godiya, sai an yi guɗa, sai kuma an tuna da mai bayarwa ranar zaɓe.

Abin da ya yi aiki

To, akwai abin da ya taɓa yin aiki? Akwai, ba kuwa nesa ba. A 1991, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta zauna da matan ƙauye, Hausawa 'yan'uwanmu, suka ɗauki adashin da muka gada suka gyara shi, suka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar ashirin ko talatin su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda. Maimakon mutum ɗaya ya kwashe, sai kuɗin ya zauna cikin akwati mai kwaɗuna, makullan suna hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan abin da ƙungiya ta yanka, ƙarshen shekara a fasa a raba har da abin da ya hau. Ba kuɗin gwamnati, ba na Bature. Wannan dabara ta matan Maraɗi ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya, miliyoyin mutane suna bin ta, waɗansu matan da suka koyi magana a gaban akwati har sun tsaya zaɓen kansila sun ci.

Can a ƙasar Bangaladash kuma, a 1976, wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya shiga ƙauyen Jobra, ya tarar da masu saƙar kujerun gora suna cin bashin kayan aiki a wurin wanda dole shi za su sayar wa, da kuɗin da ya ga dama. Ya ƙirga, mutum 42 ne, abin da ya ɗaure su duka bai wuce dala 27 ba. Ya ranta musu daga aljihunsa. Daga nan aka sami bankin Grameen a 1983, wanda kusan dukan masu cin bashinsa mata ne, suna kuwa biya. Abin da wannan ya tabbatar shi ne macen ƙauye ba ta cin amanar bashi.

Amma kada mu yi wa rogo kallon kitse. A 2010 a jihar Andhra Pradesh ta Indiya kamfanonin ƙananan rance suka yi wa matan ƙauye rubdugu, mace ɗaya bashi uku ko huɗu, masu karɓa suna tsaye a ƙofa kowane mako, har aka sami waɗanda suka kashe kansu, sai da hukuma ta sa doka. Mu ma nan in wani ya ce miki ruwan biyar ne kawai bisa ɗari, tambaye shi, a wata ko a shekara? Biyar a wata sittin ke nan a shekara, babu kuwa ƙuli-ƙulin da ke kawo wannan riba. Darasin shi ne, kuɗin da mata ke riƙe da makullinsa yana gina su, wanda wani ke riƙe da makullin yana iya zama igiya.

Laifin da ke cikin gida

Yanzu sai mu juyo kanmu, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mun zargi banki, mun zargi hukuma, amma ɓeran da ya fi cin jarin mace a ɗakinta yake kwana. Maigida ya fita da safe bai bar kuɗin cefane ba, ya san ai tana sana'a. Yaro ba lafiya, a taɓa jari. Baƙo ya zo, a taɓa jari. Taki ya yi tsada, ranta mini in na sayar da wake in biya ki, waken kuwa har yau ba a sayar ba. Mun san zamani ya yi tsanani, mun san akwai mazan da ba su da shi ne da gaske, mace ta gari kuwa ba ta kallon 'ya'yanta da yunwa tana da kuɗi a ƙulle. Amma taimako daban, ƙwace daban. Ciyarwa da tufatarwa a wuyan miji suke, dukiyar mace tata ce, ba shi da iko da ko kwabo sai da yardarta. Mai cewa addini ne ya hana mace ciniki, ya tuna Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatake Sham.

Sai kuma maganar talla, wadda ita ce ta fi ci mana rai. Uwa ba ta fita, saboda haka 'yarta ce ƙafarta. Yarinya ta ɗauki tire tun tana shekara bakwai, tana tara kuɗin kayan ɗaki, tsararrakinta suna aji. Dokar 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Amma in ka ce wa uwar ta sa 'yar a makaranta ba ka ba ta wata hanyar sayar da kayanta ba, ka ce mata ta rufe sana'a ke nan. Yarinyar nan kuwa gobe ita ce za ta tsaya a gaban takardar banki ba ta iya karantawa, ta kuma ɗora wa tata 'yar tire. Haka abin ke zagayawa, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika.

Abin da muke nema

Ba mu zo da kuka kawai ba. Ga abin da muke kira a yi, kowanne kuwa mai yiwuwa ne.

Na fari, duk inda aka raba gado, alƙali da mai unguwa su tabbatar an auna rabon mace an rubuta da sunanta, ƙaramar hukuma kuma ta ba ta takardar gonar da kuɗi kaɗan.

Na biyu, kuɗin da ake warewa da sunan mata ya bi ta ƙungiyoyin adashi da suka daɗe suna zubi, a liƙa sunayen waɗanda suka karɓa a bainar jama'a, kada kuma a raba ko sisi a shekarar zaɓe.

Na uku, masu rajistar katin ɗan ƙasa da buɗe asusu su zo ƙauye da kansu, a sa ma'aikata mata waɗanda za su shiga gida-gida, takardun kuma a yi su da Hausa, da boko da ajami.

Na huɗu, tikiti ɗaya a kasuwa, a rubuta kuɗinsa a allo kowa ya gani, mai tire da mai ƙwarya kuwa a ƙyale su. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Muna so a cika wannan hukunci, mu kuma ga kuɗin a kan hanyar ƙauye, da rijiya, da rumfunan mata.

Na biyar, maimakon kekunan ɗinki na ɗaukar hoto, a taimaki ƙungiyoyin mata da injin markaɗe mai aiki da hasken rana da sito na tarayya, domin su saya da kaka tare, su sayar tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, makarantun Islamiyya na matan aure da zumuntar mata ta majami'u, inda mata ke taruwa tun da can, a ƙara musu darasin karatu da lissafin ciniki. A kuma ware wa mata wurin sayarwa na kansu a cikin unguwa, inda dattijuwa amintacciya za ta riƙa karɓar kaya, domin yarinya ta sauke tire ta tafi aji.

Waɗannan na hukuma ne, za mu kuwa ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa har a buɗe. Amma akwai wanda ba ya jiran gwamna. Ya kai ɗan'uwa, in mai ƙosai tana binka bashi, biya ta kafin kasuwa mai zuwa. In gonar ƙanwarka tana hannunka, kira dattawa a nuna mata iyakarta tun kana da rai, gama ƙasar da ka danne a nan ita za a ɗora maka a can. In kai dillali ne, faɗa wa mai mai farashin birni na gaskiya, ka ɗauki la'adarka. Ku kuma iyayenmu mata, ku haɗu, ku sayi akwati, ku riƙe makullinku. In mai neman ƙuri'a ya zo da atamfa da sabulu, ku tambaye shi hanyar kasuwa da takardar gona, ku ji abin da zai ce.

Allah ya sa wa mai nema albarka, ya hana mai ƙwace jin daɗin abin da ya ƙwata, amin.